Leshin Gwaggo Dillaliya

A Gumel ta lokacin ƙuruciyata, in mace ta shiga matsi ba ta fita kasuwa da kayanta. Dillaliya take kira, ta ja ta ƙuryar ɗaki, ta miƙa mata zane a naɗe. Kuma akwai ƙa'idar da ko yaro ya sani: zanen Gumel ba a sayar da shi a Gumel. Maigatari ake kai shi, ko Gagarawa Tasha, inda ba wanda ya taɓa ganinsa a jikin mai shi. La'adar da dillaliya ke ci ai ta rufin asiri ce, ba ta yawon talla kaɗai ba.

Shekarar farin nan da gero ya ƙone a gona, rumbunmu ya koma fayau. Inna, mahaifiyata, tana da wani saƙi baƙi mai ratsin alharini, gadon uwarta. Duk unguwa an san shi, don ba ta ɗaura shi sai biki ko suna. Shi ta ciro daga ƙasan adaka ta kira dillaliyar unguwarmu, wadda muke ce wa Gwaggo ko da yake ba mu haɗa komai da ita ba. Ina zaune ina tsince wake na ji Inna ta ce, "Yaya, don girman Allah ki yi nisa da shi."

Gwaggo ta ce, "Haba, sai ka ce yau na fara? Ko a Maigatari ba zai kwana ba, sai an haye da shi Damagaram."

Maƙaryaciya! Ba a rufa wata ba aka yi suna a maƙwabtanmu. Muna zaune ni da Inna, tsakar gida cike da mata, sai ga matar wani mai sayar da hatsi ta yi sallama, ɗaure da saƙin Inna. Wuri ya yi tsit. Wata tsohuwa da ba ta iya bakinta ba ta ce, "A'a, wannan ba saƙin wance ba ne?" Idanu suka juyo kanmu. Inna ta ajiye kwanon wainar da ke hannunta, ta nemi takalminta, muka fito.

Washegari na raka ta gidan Gwaggo. Matar nan ko tashi ba ta yi ba, tana tauna goro ta ce, "Ni ciniki na sani. Wadda ta taya, ita na sallama wa."

Tun daga ranar Inna ta daina shiga taro. Ta ce ba za ta zauna cikin matan da suka san ta ci zanen uwarta ba. Biki ko suna, ni ake aika da gudummawa, ita tana ɗaki. Macen da in ta shiga gidan biki sai an san ta zo! Na tsani Gwaggo, wallahi na tsane ta, kuma na yi wa kaina alkawarin ba ta ci bulus ba.

Shekaru suka ja, na gama makarantar horon malamai, aka tura ni koyarwa Maigatari. In albashi ya fito, ranar Alhamis nakan leƙa wani lungu bayan kasuwa. Akwai wani dattijo mutumin Damagaram da shagonsa a can, shi butik yake ce masa. Gaba sababbin atamfofi ne a jere, ciki kuwa gwanjo da tsofaffin zannuwan mata, an wanke an buge an ninke, sai ƙamshin kafur. Ni cikin nake so. A nan ake tsintar abin da masaƙa suka daina yi, kuma yakan bar ni in yi ta tono, yana shan shayinsa.

Ina cikin tonon nan wata rana hannuna ya faɗa kan wani leshi kore shar. Na juya bakin zanen, sai ga ɗan ƙunan garwashin turaren wuta, an cike shi da zare mai duhu. Leshin Gwaggo! Shi take ƙure adaka da shi, da shi take shiga kowane biki a Gumel tana hura hanci, tana nuna wa mata cewa dillanci ya karɓe ta. Da ma na ji labarin kantunan tufafi sun buɗe a bakin titi, kasuwarta ta faɗi, amma ban san abin ya kai haka ba.

Na ce, "Baba, wannan fa daga ina?"

Ya ce, "Wata tsohuwa ce daga Gumel, malama. Har da hawayenta, wai in haye mata da shi. Amma ke tunda 'yar nan garin ce, ba laifi."

Ban ce masa ni 'yar ina ce ba. Oho, ashe ta san ƙa'idar! Da ya zo kan nata zanen, ta san hanyar Maigatari sarai. Abin da ya faɗa shi na biya, ko tayi ban yi ba.

Na ajiye shi ina jira, har aka aiko cewa 'yar Gwaggo ta haihu. Ranar suna na shiga motar Gumel da sassafe. Na yi wanka a gida, na ɗaura leshin, na kafa ɗauri, na bar bakin nan mai ƙuna ta gaba yadda ko makaho zai lalubo shi. Na sulale Inna ba ta gan ni ba. Sai da gidan sunan ya cika na rangaɗa sallama.

Irin shirun nan na wancan sunan, shi na sake ji. Gwaggo tana tsaye cikin wata koɗaɗɗiyar atamfa tana raba goro, ta sandare. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na yi barka, na je na zauna a tsakiyar tabarma. Mata suna kallona suna kallonta. Can ta zo ta ja ni zaure.

"'Yar nan, ki rufa mini asiri, ki je ki sake kaya."

Na ce, "Gwaggo, ni ciniki na sani. Na taya, aka sallama mini."

Na koma na ci waina, na ƙara da fura, ban tashi ba sai da aka kira la'asar. Raina fes.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta tare ni a bakin ƙofa da faɗa, wai wannan ba tarbiyyarta ba ce, wai tsohuwa ce sa'ar uwata, Allah ya shirye ni. Na sunkuyar da kai na bar ta ta gama. Ta shige ɗaki, na bi ta ina kwance ɗauri. Ta daɗe tana kallon leshin, ta kai hannu ta taɓa wurin ƙunan. Sannan ta rage murya.

"Amma dai a gaban mutane ta gan shi?"

Na ce, "Gida cike, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce akwai bikin 'yar maƙwabta ranar Juma'a, in duba mata cikin adaka ko da abin da za ta ɗaura.