'Yar Rakiya a Lisbon

Ni ba na son tafiyar ƙasa, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. A Dubai ma wa yake tafiyar ƙasa? Daga ɗakinmu na unguwar Satwa zuwa tashar bas ba wani nisa, amma lokacin zafi kafin ka isa riga ta manne maka a baya. Ka fito daga esi ka faɗa esi, haka rayuwar take, kuma ni ta yi mini. To ni ɗin nan ce Yaya ta ɗauka ta kai Lisbon, babban birnin Fotugal, ta sa na taka shi lungu-lungu kamar wadda akuyarta ta ɓata.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba, ni ce auta. Ita ta kawo ni Dubai bayan na gama sakandare na zauna gida ba abin yi. Tana shugabantar masu gyaran ɗakuna a wani otal, ni kuma ina karɓar kuɗi a wani babban kanti. Ɗakinmu wani yanki ne na falo da aka raba da katako, gado mai hawa biyu, ita a ƙasa ni a sama. A bayan katakon wasu mata ne 'yan Filifin, muna jin tarinsu suna jin namu.

Tun kafin mu tashi na san akwai magana a ƙasa. Kwantiragin Yaya ya kusa ƙarewa, kuma ta sha faɗa cewa garin nan ba ya tsufa da kowa, ranar da aikinka ya ƙare ranar bizarka take fara mutuwa. Sannan tana da wata ƙawa 'yar garinmu da ta je Lisbon hutu, har yau hutun bai ƙare ba. Kullum suna kan waya, da na shigo sai Yaya ta rage murya. Da bizarmu ta fito na same ta tana shirya akwati, na tsaya a kanta.

"Yaya, tare za mu dawo?"

"Ke dai kin cika tambaya. Miƙo min wancan gyalen."

"Ba gyale na tambaye ki ba."

"Auta, hutu za mu je. Halas, shi ke nan. Bar ni in shirya."

A ƙasan akwatin na hango garin kuka da daddawa da yaji, an naɗe su a leda cikin leda. Wa yake zuwa hutun 'yan kwanaki da garin kuka? Ta ce na ƙawarta ne. Sai na yanke shawara a raina: tunda ba za ta faɗa ba, ni kuwa zan ɓata mata garin. Duk abin da ta yaba zan kushe, har sai ta ji kunyar zama a cikinsa.

Garin ma ya taimake ni. Ba hanya ɗaya miƙaƙƙiya, duk hawa da gangara. An shimfiɗa ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe a ƙasa, sun sha taku har sun yi santsi, ni kuma na zo da takalmi mai tsini don hoto. Tun safiyar farko na zame na kama ƙarfen fitila.

"Ƙasar Turawan ke nan? Ko kwalta ba su da ita?"

"Tarihi ne, habibti," in ji ta, tana lallashina da Larabcin da ta tsinta a Dubai.

"Tarihin zai biya ni ƙafata in ta karye?"

Ta yi dariya ta saya mini silifas a wani shago, muka ci gaba. Muka shiga tsohuwar unguwarsu da ake kira Alfama, inda lunguna suke da ƙunci har in ka miƙa hannu biyu kamar za ka taɓa bango da bango. Sun shanya wanki a tagogi a saman kan mutane, har da abin da bai kamata a shanya a waje ba. Na ce a Satwa ma an fi haka sirri. Gidajen an manna musu tayil mai zanen shuɗi tun daga ƙasa har sama, Yaya ta tsaya tana shafawa, na ce a wurinmu banɗaki ake yi wa wannan. Wani ƙaramin jirgin ƙasa ruwan ɗorawa ya zo yana ƙara a tsakiyar titi, muka manne da bango ya wuce, na ce ko a gidan tarihi na Dubai ba za a karɓe shi ba. A wani wurin cin abinci aka kawo mana gasassun kifi ƙanana, na ce duk ƙaya ne. Na cinye nawa dai, na ƙara da rabin nata.

Duk abin da na faɗa, amsarta ɗaya ce: "Na ji. Amma duba da kyau."

Yaya dama maciyiyar hanya ce. Muna yara a gida, in ƙawarta ta zo hira ta tashi tafiya, Yaya za ta raka ta har ƙofar gidansu. Can sai ƙawar ta ce ai ba za ta bar ta ta koma ita kaɗai ba, ta rako ta har ƙofarmu. Ita ma Yaya ta ce bari ta ɗan taka mata. Haka za su yi ta kai da kawo a layi ɗaya, hira ba ta ƙarewa, sai Mama ta leƙo ta ce in ba su rabu ba za ta fito da muciya. Na tuna mata wannan muna hawa wani tudu ina haki.

"Ke har yanzu rakiyar ce ba ta sake ki ba."

Ta juyo ta dube ni wani iri, ta ci gaba da hawa.

A saman tudun akwai tsohuwar ganuwa ta dutse. Daga nan ana ganin garin gaba ɗaya, jajayen rufi sun gangara har bakin kogi, kogin kuma faɗinsa kamar teku. Iska ta taso ta ɗaga mana gyale. Iska ce ta Allah, ba ta na'ura ba, ba ƙarar komai a bayanta. Na juya zan yi wata kushen sai na ga fuskar Yaya. Ta lumshe ido, kafaɗunta sun sauka. Tunda na zo Dubai ban taɓa ganin ta tsaye haka kawai ba, ba ta duba agogo, ba ta jiran bas ɗin ma'aikata. Na haɗiye kushen.

"Ya kika gani?" in ji ta.

"Ba laifi," na ce. Ina faɗa na so in mayar da ita ciki.

Washegari yawon ya canza. Ba ganuwa, ba gumakan mutanen da. Ta kai ni wata unguwa a gindin tudu inda 'yan Bangaladash suke da shaguna, ta nuna mini mai sayar da naman halal. Ta nuna mini wani ƙaramin masallaci da ba za ka san masallaci ba ne sai ka ga takalma. Ta nuna mini kantin magani, da inda ake hawa bas. Ni ba yarinya ba ce. Mai yawon buɗe ido ba ya zuwa kallon mahauci.

Daga nan muka hau wani bene mai matattakalar katako zuwa ɗakin ƙawarta. Ƙawar ta rungume ni tana cewa auta ta girma, na ce dama ba zan zauna yadda ta bar ni ba. Ɗakin ƙarami ne amma bangonsa na gaske ne, ba katako ba, taga tana kallon rana. Gadaje biyu ne. An shimfiɗa wa na biyun sabon zanin gado, ko alamar ninkinsa ba ta baje ba.

"Wa yake kwana a nan?" na tambaya.

"Baƙi," in ji ƙawar, tana kallon Yaya.

"Auta, duba tagar nan da kyau," in ji Yaya.

"Na gani. Taga ce."

A hanyar komawa masauki ban kushe komai ba.

Ranar komawa muka fito da hantsi. Jakata ce kawai a hannun Yaya. Na tambayi akwatinta, ta ce ƙawarta za ta biyo mu da shi. Ta ce mu taka ta bakin kogi tukuna mu yi wa garin kallon ƙarshe, sannan mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa filin jirgi. Muka ratsa wani makeken fili da gine-gine ruwan ɗorawa suka kewaye, da babbar ƙofa ta dutse, Turawa suna ta hoto, tantabaru suna bin ƙafafunsu. Ina tafe ina roƙon Allah a raina in juya in ga ƙawar nan tana jan akwati.

A bakin matattakalar tashar Yaya ta tsaya. Ta ajiye jakata a gabana, ta ɗora ledar tsaraba a kai, ta gyara mini gyale a kafaɗa.

"To, Auta. Ki gaida gida."

Duk Bahaushe ya san wanda yake faɗin wannan. Mai zama ne yake faɗa wa mai tafiya. Da ta ce mini ba za ta koma ba, da na yi mata masifa a tsakiyar Turawa, na riga na shirya kalmomin tun a Satwa. Amma ta ce in gaida gida, sai bakina ya amsa da kansa yadda aka koya masa.

"Za su ji."

Sannan na fashe.

"Wane gidan? Gadon sama? In gaida katako?"

"Yi a hankali, ana kallonmu."

"A kalla! In dama zama za ki yi, me ya sa kika wahalar da ni? Kika sa na ɗauki hutu, kika sa ƙafata ta kumbura a kan duwatsun banza. Da ba sai ki taho ke kaɗai ba?"

Ta riƙe hannuna.

"Ko amarya ba a kai ta ita kaɗai. Sai da 'yan rakiya. Su ga ɗakin, su ga unguwar, su koma gida su faɗi abin da suka gani. In ni na ce wa Mama ina lafiya, za ta ce kwantar mata da hankali nake. Ke kuwa kowa ya san ba kya yabon abu don a ji daɗi. In kika ce wuri ya yi, ya yi."

Ashe duk kwanakin nan ba hutu na zo ba. Ina ganin ita take ja na yawo, ashe ni na rako ta, tun daga Satwa.

Na share fuska da bakin gyale na ɗauki jakata. Na ce, "To mu je in taka miki."

"Auta, jirgi."

"Akwai lokaci. Ba zan bar ki ki koma ke kaɗai ba."

Ta gane. Ta yi dariya hawaye yana zuba. Muka juya muka sake ratsa filin, ina jan jaka tana ƙara a kan duwatsu, har ƙarƙashin babbar ƙofar. Can ta ce ita ma ba za ta bar ni da kaya ba, ta rako ni bakin tasha. Na ce bari in ɗan ƙara taka mata. Wani tsoho mai gasa gyaɗar Turawa a gefen hanya ya bi mu da ido muna wucewa muna dawowa, har ya ɗaga mana hannu. Ni da ba na son tafiyar ƙasa, ranar nan, da za a bar ni, da na yi ta yi har silifas ɗin ya tsinke. Ba mu yi wata hira ba. Ta ce in riƙa cin abinci kafin in tafi aiki. Na ce ta sayi rigar sanyi ta gaske, ba wannan ta gayu ba.

Babu Mama da muciya a wannan karon, sai Yaya ta yi aikin da kanta. Da muka sake isa bakin matattakalar ta saki hannuna ta ja baya.

"Yalla, je ki. Nan na tsaya. Sauka, kar ki waiwayo."

Na waiwaya mana. Tana nan a sama, ta rufe baki da gyale.

A Dubai, ƙofar filin jirgi tana buɗewa zafi ya mare ni kamar an buɗe tukunya. Na isa Satwa na tura ƙofar katako. Gadon ƙasa yana nan a gyare yadda take gyara na otal, ba ko lanƙwasa. Ɗaya daga cikin 'yan Filifin ɗin ta leƙo ta tambaye ni ina 'yar'uwata. Na ce tana hutu.

Na zauna a bakin gadonta na kira Mama. Duk hanya ina juya yadda zan fara, amma da ta ɗauka abin da aka aiko ni da shi ne ya fito.

"Mama, Yaya tana gaishe ki."

Na jira ta ce in ba ta ita. Ba ta ce ba. Ta cikin wayar ina jin kaji a tsakar gida.

"Ina amsawa," in ji ta. "Kin ga wurin?"

Wato ita ma ta sani. Ni kaɗai aka bari da kushe-kushe. Na so in ce mata wurin banza ne, tsohon gari mai warin kifi, ta kira 'yarta ta dawo tun bizarta ba ta mutu ba. Na san in na faɗa za ta yarda, kuma in Mama ta ce dawo, Yaya za ta dawo. Maganar tana kan harshena. Sai na tuna fuskar nan a saman ganuwa.

"Na gani, Mama. Akwai masallaci kusa. Akwai mai nama. Ɗakin yana da taga, rana tana shiga."

"Ya yi dai?"

"Ya yi," na ce. "Sai dai duk hawa ne."