Lamba Ta Arba'in

Duk layin masu gyaran kwamfuta babu mai kiransa da sunansa na yanka. Gwada-mu-gani ake ce masa, shi ma har ya saba yana amsawa. Ko wace irin matacciyar kwamfuta ka ajiye masa, ba zai tambaye ka tarihinta ba. Zai kwance bayanta, ya hure ƙura, ya shinshina cikinta ko akwai ƙauri, ya ce, "Bari mu gwada mu gani." In ya canza abin da yake zargi, sai ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa. Ta tashi sau uku? Shi ke nan, zo ka ɗauki kayanka. Kuma a faɗi gaskiya, da wuya a dawo masa da aiki.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, tebur duk tabon dalma, gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi, fanka tana juyi tana ƙara kamar za ta faɗo. A nan ya yi aure, a nan ya ciyar da iyali. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya, wato rashin digiri. Ya taɓa neman aikin kula da kwamfutocin wani kamfani, aka yaba hannunsa, aka tambayi takarda, ya dawo gida jiki a sanyaye. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa sannan ya samu gurbi a jami'a, karatun ƙarshen mako, sashen kimiyyar kwamfuta. Matarsa har da guɗa.

Yawancin darussan ajin farko ya sha su kamar ruwa. Amma akwai wani lissafi da ɗalibai ke kira diskirit. Lissafi ne na rukunin abubuwa, da ƙirga hanyoyin da za a iya jera su, da "idan kaza gaskiya ne, to kaza ma gaskiya ne". Uwa uba, a nan ake koyon kafa hujja. Dokar sashen kuma ba ta da wasa: wanda ya faɗi wannan darasi sau biyu, ya kama gabansa.

Shi kuwa Gwada-mu-gani, in an ce ya kafa hujja cewa wata ƙa'ida tana aiki a kan kowace lamba, sai ya gwada da ɗaya, da biyu, da uku, ya ƙara da goma don kore shakka, ya ja layi biyu a ƙasa. A shekarar farko ya sha ƙasa. Ya ce ai mai duba takardun ne bai iya aikinsa ba.

Da ya maimaita, wata Dakta ce ta karɓi darasin, matashiya, a haife ya kusa haifarta. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ya san ta. Tun tana ɗaliba take kawo masa kwamfutarta, har ta taɓa yin kuka a shagonsa ranar da ta ɗauka aikin bincikenta ya salwanta, shi ya ceto mata shi. Yanzu ita ce a gaban allo, shi yana kan benci.

Ta kira shi gefe bayan gwajin farko. "Malam, lissafinka daidai ne, amma misali ba hujja ba ne. Ko sau dubu ka gwada, lambobi ba sa ƙarewa."

"Malama, gani ya kori ji. Abin da ya yi aiki sau goma, me zai hana shi na sha ɗaya?"

"Don Allah ka riƙa zuwa ofishina bayan darasi. Rabin awa ya ishe mu."

Ya ce to. Amma ina! Shi ya je ya zauna gaban yarinyar da ya rarrasa tana share hawaye da gefen mayafi? Sai ya yi kunnen uwar shegu.

Wata Asabar ta rubuta aikin gida a allo: ka ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, sannan ka ƙara arba'in da ɗaya. Shin kullum amsar za ta zama lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta? Gwada-mu-gani ya ji daɗi, don wannan irin aikinsa ne. A shago, tsakanin wannan gyara da wancan, ya yi ta danna kalkuleta. Ɗaya ta ba shi arba'in da uku. Biyu ta ba shi arba'in da bakwai. Ya wuce goma, ya wuce ashirin, ya kai talatin, ko ɗaya ba ta ba shi kunya ba. Ya ce yau zai rufe bakin masu hujja.

Mako na zagayowa, shi ya fara ɗaga hannu. Ya fita gaban aji da takardunsa, ya karanto sakamako tiryan-tiryan, ya rufe da cewa, "Har talatin na gwada. Magana ta ƙare."

Dakta ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Gwada mana arba'in."

Ya danna. Dubu ɗaya da ɗari shida da tamanin da ɗaya.

"Raba ta da arba'in da ɗaya."

Ta rabu cif, babu saura. Wani ɗan iska a bayan aji ya ce, "Baba, an gwada an gani!" Aji ya kwashe da dariya. Dakta ta buga tebur ta tsawatar, ta ce duk wanda ya yi dariya bai yi rabin aikin da wannan bawan Allah ya yi ba, kuma dama don a ga wannan ramin ta ba da tambayar. Shi bai ji wannan ba. Kalmar rami kawai ta shiga kunnensa. Ya tattara takardunsa ya fice, gumi na bin bayansa.

A gida ya ce wa matarsa tarko aka ɗana masa.

"Maigida, tarkon da aka ɗana wa aji guda, ya aka yi kai kaɗai ya kama? Ka je wurinta mana. Matambayi ba ya ɓata."

"Ke ba ki san komai a kai ba."

"Na san ka, ai ya isa."

Bai sake taka ajin ba. Dakta ta aiko masa da saƙo ta hannun shugaban aji, ya ce a gaya mata aiki ya yi masa yawa. Ranar jarrabawa ya je, ya cika takarda da misalai, wannan karon har hamsin-hamsin yake gwadawa, lokaci ya ƙare bai kai rabin tambayoyin ba. Da aka kafe sakamako, bai ma tsaya karanta layin har ƙarshe ba. Wallahi abin takaici ne, mutum ya haye duk sauran darussa, ya zo ya zube a kan taurin kai. Ga duk wanda ya tambaya sai ya ce shago ne ya hana shi ci gaba.

Shekaru suka ja. Babbar 'yarsa, wadda yake kira Mamana don sunan mahaifiyarsa gare ta, ta shiga wannan sashen. Wata rana da hantsi ta zauna a shagon tana bita, ya leƙa ya ga irin tambayoyin nan. Ɗaya da uku huɗu, a ƙara biyar tara, a ƙara bakwai sha shida: a nuna cewa haka abin zai yi ta tafiya, kullum jimillar za ta zama wata lamba da aka ninka da kanta.

Ya daɗe yana goge wani allon da ba shi da datti. Can ya ce, "Mamana, wai ya ake yin abin nan ne?"

"Baba, kamar tsani ne. Ka nuna za ka iya taka matakin farko. Sannan ka nuna cewa ko a wane mataki kake, za ka iya hawa na gaba. Ka ga ba sai ka hau duka ba."

"Ko a wane mataki? Ba tare da na san wanne ba?"

"Shi ne dabarar. Sa masa harafi kawai."

Ya ja takarda. Kafin shayinsa ya huce ya gama. Ta duba ta ce ko malaminsu iyakar abin da zai rubuta ke nan. Ya zauna yana kallon layukan, ba su fi shida ba. Abin da aka roƙe shi ya ba rabin awa ke nan. Da ta ga yana share ƙwalla, sai ya ce mata ƙurar fanka ce ta shiga idonsa.

Washegari ya sa kayansa masu kyau, ya ninke takardar a aljihu, ya tafi jami'a. Ba komawa karatu yake nema ba, ya san bakin alƙalami ya bushe. So yake kawai ya ajiye takardar a gaban Dakta, ya ce, "Malama, kin yi gaskiya, ki yafe mini." Ya hau bene, ya bi doguwar barandar, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya ƙi ƙwanƙwasawa a da.

Wani saurayi ne a ofishin, ya duƙa a kan firinta. Ya ce ai Dakta ta daɗe da barin nan, ta tafi wata ƙasa, shi bai ma riske ta ba. Sai ya ƙare wa baƙon kallo, fuskarsa ta washe.

"Baba, ba kai ne mai gyaran nan ba? Allah ne ya kawo ka. Tun safe take cinye mini takarda."

Gwada-mu-gani ya taɓa aljihunsa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "Matsa in duba."