Wandon Kawu Bala Lamba Talatin da Huɗu

Duk wanda ya san Kawu Bala ya san ba ya shiga motarsa a tashar Ƙaura sai ya tsaya ya ja numfashi, ya shanye tumbi, ya daki ƙugu ya ce, "Talatin da huɗu, tun ina saurayi!" Mu kuwa muna kallon tumbin nan da ke gogar sitiyari, mu ce, "Haka ne, Kawu." Wa zai ja?

Tela ɗaya ne ya taɓa ja, Malam Isa na bakin kasuwa. Ya zagaya shi da tef ya ce, "Arba'in da huɗu." Kawu ya ƙwace tef ɗin ya jujjuya. "Wagga igiya taka ta sha rana ta motse. Ka auna mutanen kirki da ita?" Damina guda ba su gaisa ba.

Daga nan ya koma gwanjo. Wani mai gwanjo a Shinkafi ya gano lagonsa, don akwai kamfanonin da ke ɗinka wando kamar buhun gero su liƙa masa ƙaramar lamba, mai saye ya ji daɗi. Irin su yake ware masa. Kawu ya zura, ya juya, ya ce, "Kun gani? Wanga kamhwani masu tsoron Allah na. Sauran duk maƙaryata!"

Kai, ranar wani suna a Zurmi fa! Surukinsa, bawan Allah, ya yarda da zancen lambar, ya kawo masa tsarabar wando talatin da huɗu na gaskiya. Da kwanciya aka sa shi, ni na ja zif. Ya isa wurin suna yana tafiya kamar an ɗaure shi, yana zama a tabarma sai muka ji ɓaaar! Kawu bai ko ƙifta ido ba. Liman ya shafa fatiha, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ɗora tasa addu'ar. Ya yi wa jariri, ya yi wa matafiya, ya yi wa gero da dawa, har mutane suka gaji suka watse. Sannan ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ɗauko mini zane, ɗan banza, mi kaka ma dariya?"

Bayan wannan ne matarsa, Inna Hauwa, ta karɓi sayen kayansa. Ta sayo mai yalwa, ta cire lambar, ta ɗinka masa tasa ta tsohon wando. Shekaru tana haka a ɓoye, tana fargabar ranar da zai gane ya ji kunya a gabanta.

Da ciwo ya kwantar da shi na je gaishe shi. Ya kamo hannuna, ya nuna wandon da ke rataye a ƙusa. "Ka ga lambag ga? Ɗunkin Hauwa na. Wane kamhwani ka liƙa lamba da zaren kitso? Tun ran hwarko na sani. Kak ka hwaɗa mata, tana jin daɗin ta rufa mini asiri."

Na yi dariya, sai kuma hawaye suka zo mini. Bai tashi daga wannan ciwon ba.

Inna, ki yi haƙuri, na riƙe iya riƙona. Ya sani, kuma bai taɓa sa wando da alfahari kamar waɗanda kika ɗinka wa lamba ba. Yadda kika rufa masa asiri, Allah ya rufa naki. Shi kuma Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa. Amin.