Dogon Harsashin Tahiru Baduku

A duk dukawan Birni, cikin Damagaram, babu wanda Allah ya ba hannu irin na Tahiru, kuma babu wanda ya raina kyautar kamarsa. In ya riƙe basilla ya kama jar fata, sai ka rantse da ɗinkin aka haifi akuyar. Da hannun nan na dama yake ci da matarsa Kaltuma da ƴaƴansu mata uku. Amma ka yaba masa alabe ko kube, sai ya taɓe baki ya ce shi fa ba baduku ba ne, jinin ƴan bindiga ne, zamani ne ya zaunar da shi a kan buzu.

Ubansa dai ɗan bindigar fada ne, wannan gaskiya ne. Kafin Nasara su ci gari su tattara bindigogi, tsohon yakan ɗura albarushi, ya zura sandar ɗuri, ya auna abin da ya yi saura a waje da yatsunsa. Yatsa biyu na tsuntsu ne, uku na barewa, huɗu na ranar da aka haifi namiji a gidan, don a ji har bayan ganuwa. Ya mutu Tahiru na ƙarami, kawunsa ya ɗauke shi ya koya masa dukanci. Abin da ya gada daga uban ke nan, lissafin yatsu. Shi kansa ko ƙadangare bai taɓa harbi ba, in tsawa ta faɗi shi ke fara shigewa ɗaki.

Wata shekara wani sojan Nasara baƙar fata da za a mayar ƙasarsu ya ba shi wata tsohuwar ƴar libarba, ƙaramar bindigar hannu, a madadin ɗinkin jaka. Abu ɗan ƙil, duk ya ci tsatsa, ba ko harsashi ɗaya. Shekara bakwai Tahiru na rataye da ita a hammata ƙarƙashin riga. Ya ɗinka mata kube mai kyan da ita kanta ba ta cancanta ba, yana ɗan ɗage rigar in ya ga idon da ya yarda da shi. Wofi a rataye da wofi, haka aka yi ta tafiya.

Sai Kaltuma ta haifi namiji a gidan iyayenta a Gaffati. Tahiru ya ce to, ranar suna za a ji bindigar gidansu, tunda can nesa yake da kunnen bariki.

Ya tafi Zango wurin wani Balaraben Tarabulus mai sayar da irin waɗannan abubuwa ta bayan labule. Balaraben ya juya libarbar, ya fito da kwali biyu. Na farko gajerun harsasai ne, sun dushe. Ya ce su ne abincinta, don irinta aka yi su. Na biyu dogaye ne, suna sheƙi, sabon zuwa daga masana'antar Turai, da albarushi mai ƙarfi wanda ba ya hayaƙi, na sababbin bindigogi. Tahiru ya ɗora gajeren a kan yatsunsa, ko biyu bai cika ba. Ya yi tsaki.

“Na tsuntsu za ka ba ni ranar sunan ɗana? Ba ni dogon.”

Balaraben ya ɗaga kafaɗa ya miƙa masa. Ba hannunsa ba ne.

A gida harsashin ya shiga ramin libarbar da ƙyar, amma kansa ya leƙo waje, bindigar ta ƙi juyawa. Mai hankali da nan ya tsaya, tunda ƙarfen da kansa ya ce a'a. Tahiru kuwa sai ya nufi maƙerar Adamu, tsohon da ya yi ƙirar bindigogi tare da ubansa, ya ce a rage masa kawunan harsasan.

Adamu ya duba bindigar a hasken rana, ya ajiye ta a hankali.

“Ɗana, wannan ba irin ta babanka ba ce da kai ke auna mata. Masu ita sun auna tun can, kowace da nata. Ƙarfen nan ya gaji. In ka nace, ɗaure ta a jikin itace ka ja kunamar da igiya, haka muke gwada sabuwar ƙira.”

“Baba, a gaban surukaina zan ja igiya kamar mai ɗiban ruwa?”

“To ba da hannuna ba.”

Tahiru ya ari magagari, ya zauna ya goge kawunan da kansa. Aikin ma ya yi kyau, hannun ai ba ya ɓata abu.

Da ya isa Gaffati ya ba Kaltuma labari yana dariyar tsoron Adamu. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dubi jaririn, ta dubi hannunsa na dama.

“Malam, in dole ne, ka harba da hagu. Dama ba taka ba ce kai kaɗai.”

Ya ce ƴan bindiga ba sa harbi da hannun tsarki.

Da hantsi aka raɗa suna, aka yanka rago. Tahiru ya fita fili cikin sabuwar riga, ya jira sai da kowa ya juyo. Ya ɗaga hannun dama sama, ya runtse ido, ya kau da kai, ɗan ƴan bindiga ke nan, ya ja kunama. Ƙara kam an ji ta. Libarbar ta tsage biyu, ta tafi da babban yatsa da biyun da ke biye da shi.

Bai mutu ba, ya ƙara shekara talatin. Basillarsa tana hannun wasu, Kaltuma ke dakan fura tana ci da gidan, ƴan matan suna tallarta. Shi kuwa kullum yana bakin rumfar dukawa yana kushe ɗinkin mutane, yana ba baƙi labarin ranar da aka ji bindigarsa daga Gaffati har Birni. In ya zo kan ma'aunin gidansu sai ya ce, “Mu yatsa huɗu muke ɗurawa,” ya zaro dama don ya nuna, ya dube ta, ya mayar cikin riga, ya ɗaga hagu.