Kafson da Na Riƙa Kai wa Yaya Sale

Bana shekara ashirin da huɗu ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale. Gudawa ce ajalinsa. Har yau in na faɗi haka sai mai sauraro ya kau da kai, kamar ciwon bai isa ya kayar da babban mutum ba. Wallahi ya isa, a gabana aka yi.

Yaya manomi ne a wani ƙauye kusa da Miga, yana da 'yan shanunsa. Ni ne ɗan bokon gidan, malamin firamare mai zirga-zirga zuwa Dutse, don haka maganar magani tawa ce. Tun zamanin soja, mura ce ko ƙaya ce ta soke shi, sai in sayo masa kafso a tire, ja da baƙi, ya fasa ya zazzage a fura. A wurinmu kafso maganin komai ne, har kaji muna ba su.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a lauje ya sare shi a ƙafa, wurin ya yi ruwa, aka kwantar da shi asibiti aka yi ta ɗirka masa allurai. Ƙafa ta warke, ciki ya ɓaci. Gudawar takan lafa mako biyu, mu ce alhamdu lillahi, sai ta dawo fiye da da. Duk dawowarta sai in ƙaro kafso, wai ni mai kula da ɗan'uwa. Mutumin da ba a raba shi da sahun farko ya daina zuwa masallaci, domin alwala ba ta zama a jikinsa, kuma wannan ya fi ciwon ci masa rai. Ranar da mutanen ƙauyenmu suka cika motoci zuwa Dutse wajen ƙaddamar da shari'ar suna kabbara, shi yana kan tabarma da buta a gefe. Kafin kaka ta zagayo mun binne shi.

Akwai abin da ya koya wurin Fulani. In saniya ta daina tuƙa tana ramewa, sai ya kama lafiyayya, ya zura hannu a bakinta, ya ciro tuƙar da ɗuminta ya ɗura wa marar lafiyar. Nakan toshe hanci in yi masa tsiya. Shi kuwa ya ce, "Malamin makaranta, abin da ya ƙare a cikinta nake mayar mata."

Bara 'yarsa Rabi, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Dutse, ta zaunar da ni. Ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani. Yawan shan irin wannan magani yakan share su, sai muguwar ƙwayar cuta ta samu fili ta yi kaka-gida. Ta ce a wasu manyan asibitocin duniya, in gudawar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akan ɗebi bahayar mai lafiya, a gwada, a tace, a sa a hanjin majinyaci, kuma da yawa sukan tashi.

Na ce, "Bahayar wa?"

Ta ce, "Ta duk wanda aka gwada aka ga lafiyarsa lau, Baffa, ko da ɗan'uwa ne. Amma ba aikin gida ba ne, wanda ya yi da ka zai iya kashe mutum."

Ba ta ce lallai ita ce cutar mahaifinta ba, tunda ba a gwada shi ba. Amma ni sai na ga ashe wataƙila maganinsa yana cikina. Kwano ɗaya muke ci da shi, cikina bai taɓa ko murɗawa ba. Kaza ta kwana a kan dami, ni kuma ina ta safarar kafso.

Me Yaya zai ce da ya ji? Na san zai fara da a'uzubiyya, ya ce najasa ce. Sannan ina jin zai dubi garken. Ko zai yarda, Allah kaɗai Ya sani. Shanun an raba gado, gonar an sayar. Abin da ya rage mini shi ne waccan magana tasa, wadda sai yanzu na gane ta.

Tiren kuwa yana nan. Ranar kasuwar Kafin Hausa na gan shi a rana, ana sayarwa ɗai-ɗai kamar alewa, kuma wancan aikin likita ban ji inda ake yin sa kusa da mu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Maiɗakina Hauwa gudawa ta dawo mata karo na uku tun da aka sallamo ta daga asibiti. Rabi ta ce in kawo ta gobe, kada ta ƙara shan komai. Ɗazu ina haɗa mata kaya na ji ƙulli a bakin mayafinta. Na kwance, sai ga kafso huɗu, ja da baƙi. Na ɗaga murya na ce wa ya ba ta wannan.

Ta ce, "Haba Malam, ai irin wanda kake sayo wa Yaya ne."