Mutumin da Ya Ƙi Shan Kunu a Rumfata

Shekarun baya, zamanin Nasara, aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba. Makiyayan arewa da dabbobinsu suka ƙare suka yi ta gangarowa Dakoro a ƙafa, suna zubewa bayan kasuwar dabbobi. Kwamandan Nasara mai mulkin garin ya sa aka buɗe rumbunan ajiya, ya ɗora ni kan lura da baƙin: makwancinsu, abincinsu, da tsare mata da yara daga masu ƙwace. Ni kuwa na yi lakwal, wato makarantar boko, ina jin Faransanci, kaina ya kumbura. Wa ya isa ya ba ni shawara?

Da farko tsaba muka raba, sai ƙarti suka dinga fizge wa mata a hanya. Na kafa doka: a dama kunu, kowane gida da rumfarsa, kowa ya shanye nasa nan take, ba mai tashi sai ƙwarya ta koma wayam. Ƙwace ya tsaya cak. Har yabon kaina na yi, wallahi.

A rumfar ƙarshe akwai wani Buzu dogo, duk ya rame. Matarsa ta rasu a hanya. Ya iso da 'ya'ya biyu da uwar matar tasa, wadda aka ce goya ta ya yi har garin. Kullum zai karɓi ƙwarya da hannu biyu, ya yi godiya, ya tura wa yaran. Bai taɓa sassauta amawalin da ya rufe bakinsa ba. Ita kuma tsohuwar, da an kawo kunu sai ta dogara sanda ta nufi bayan wata aduwa. Ni ko sai in tura gardi, wato dogarin kwamanda, ya maido ta, don doka doka ce.

Rannan har tsiya na yi masa. Na ce, "Malam, kunun namu ne bai kai maka ba? To yunwa ba ta kama ka ba tukuna." Ya sunkuyar da kai kawai.

Kwana na biyar mahaifiyata ta zo taya masu damun kunu. Kallo ɗaya ta yi wa rumfar, ta ja ni gefe.

"Kai, wace ce waccan tsohuwar a wurinsa?"

"Surukarsa ce, Inna."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ɗan nan, mi suka koya maka a lakwal ɗin? Buzu ya buɗe baki ya ci a gaban surukarsa? Ai gara ya mutu! Ita tana tashi ne don ta ba shi wuri, kai kana maido ta!"

Da gudu na ciro zana na kewaye shi, na kawo kunu mai ɗumi, na juya masa baya. Na ji ya kurɓa sau biyu, sai amai. Cikin ya riga ya ƙi. Likita ya duba shi, ya girgiza kai.

Wajen la'asar ya yafuto ni. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Ka ce wa surukata na sha, na ƙoshi. Tun da muka zo ba ta sha na kirki ba saboda ni."

Na je na faɗa mata. Ta ce alhamdulillahi, ta ɗauki ƙwaryarta ta shanye tas. Tana cikin sha ne ya cika a bayan zanar.

Washegari na sa aka yi wa kowace rumfa shamaki. Zana ce fa kawai, aikin rabin yini.

Na tsufa ina aikin taimakon mutane, kuma tun daga ranar ban ƙara kafa wa masu wahala doka ba sai na zauna na tambaye su yadda suke rayuwa. An ce min ƙaddara ce, na kuma yarda. Amma tsiyar nan da na yi masa, har yau in na tuna sai in ture abincin da ke gabana. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe min.