Ƙafar da Ta Tayar da Moton Baba

Mahaifina a kan moto ya yi rayuwarsa. Malamin dabbobi ne, aikinsa bin rugage da rijiyoyi yana yi wa shanu allura, daga Gure zuwa Kelle, zuwa Gamu, duk inda rairayi ya hana mota shiga. Da ya ajiye aiki bai ajiye moton ba. Wani tsohon jan babur ne mai ƙarar tsiya, wanda mahaifiyata ta yi ta faɗa a kansa har ta gaji ta bari.

Ni na saya masa babbar waya, ni kuma na jawo wa kaina aiki. Ba a jima ba wani abokin aikinsa na da ya saka shi a gurup ɗin masu moto. Na leƙa in ga su wane ne, na tarar babu mai baƙin gashi ko ɗaya: tsofaffin malaman lakkol, wato makarantar boko, malaman gona, wani mai shago ɗan Damagaram. Ba sa rubutu. Murya suke aikawa, doguwa, da sallama da tambayar iyali da tari a tsakiya. Sai su kwashe yini suna gardama a kan buji mai ba inji wuta, ko a kan iskar da ake rage wa taya kafin a shiga rairayi.

Ƙanena, da ke kabu-kabu a bakin kasuwa, ya taɓa shiga don Baba ya matsa masa. Bai daɗe ba ya fice. "Yaya, mu hawa muke yi, su labari suke yi," in ji shi. Na ji haushin maganar, amma da na zauna na ga bai yi ƙarya ba. Shi abokansa suna tare da shi kullum a inuwar dogon yaro, in moto ya lalace ya miƙa wa bakanike ya tafi shan shayi. Su Baba kuwa abokan hanyarsu sun watse. Wasu sun rasu, waɗanda suka rage kowa na garinsa yana fama da gwiwa. A cikin wayar nan kawai suke haɗuwa.

Suna da wata al'ada. Kowace safiya kowa zai fito ya tayar da motonsa, ya kara waya kusa da inji, ya aika ƙarar, babu magana. Wannan ita ce ina kwanansu. Wanda ba a ji ƙararsa ba har hantsi, a kira shi. Wanda kuma ya daina hawa, kunya takan hana shi sa baki a hira, ya yi ta yin shiru har a wayi gari ya fita daga gurup ɗin. Babu wanda ya kafa wannan doka, amma Baba ya ga yadda ta cinye mutane, yana kuma tsoronta.

Bayan damina ciwo ya taɓa masa ƙafar dama. Lokotoro a asibiti ya ce a gode wa Allah, abin ya zo da sauƙi. Baba ya gaya wa abokansa zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Da ya fara takawa da sanda, wurin moto ya nufa. To moton nan ba shi da maɓalli, da ƙafa ake buga shi. Ina tsaye a ƙofar madafa na ga ya ɗora ƙafar a kan ƙarfen, ya danna, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan safiyar ba, sai na yi kamar ina neman wani abu a kwando.

"Zo nan, ɗiyata," ya ce, bai dube ni ba. "Buga mini shi."

Na tattare zani na yi ta bugu, sai da na yi gumi ya tashi. Don murna na murɗa masa wuta sosai. Baba ya ɗauki ƙarar ya aika, ya ce kada kowa ya ji ni ce na buga.

Ko shayinsa bai huce ba saƙo ya shigo daga Kelle, daga wani tsohon malamin gona da suka yi yawon daji tare. "Malam, wannan ba ƙafarka ba ce. Kai lallaɓa shi kake yi, ka bar shi ya yi numfashi. Wannan kuwa dukansa ya yi kamar mai korar jaki daga gona. Lafiya dai?"

Na fashe da dariya, tunda ni ce mai korar jakin. Baba bai yi dariya ba. Yana zaune a tabarma riƙe da wayar, ya danna ya yi sallama. "Gaskiya ne," ya ce. "Ƙafar ta ƙi. Ɗiyata ce ta buga. Ina jin hawa ya ƙare mini. Ku yafe ni." Ya tura wayar ƙarƙashin matashi. Ta yi ta kuka, ya hana a taɓa ta. Abincin rana ma tsakura kawai ya yi.

Bayan la'asar muka ji moto a ƙofar gida. Tun ba a yi sallama ba Baba ya ɗaga kai ya ce, "Wannan na Kelle ne." Dattijon ya shigo, rawani da gemu duk rairayi. Ya ma girmi Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa. Ya sha, ya dube ni ya ce, "Ke ce mai ƙafar? Allah ya shirye ki." Sannan ya juya ga Baba.

"Na kira ba ka ɗauka ba. Tashi."

"Ina za ni da wannan ƙafar?"

"Ƙafarka na ce ka kawo? Waya za ka ɗauko."

Baba ya ce shi tun da yake ba a taɓa goya shi a moto ba, kuma ba zai fara yau a gaban mutanen Gure ba. Suka yi ta ja, har na gaji na sa baki. "Haba Baba, mutum ya taso tun daga Kelle fa." Sai Baba ya miƙo mini sandarsa. Ni na ɗaga masa ƙafar na ɗora ta a mataki. Ta yi nauyi fiye da yadda na zata. Ya dafa kafaɗar abokinsa, suka fita a hankali suka nufi gudoro, titin kwalta.

Gab da magariba suka dawo suna gardama. Baba ya miƙo mini wayar in sa masa caji, ni kuma na kasa haƙuri na buɗe abin da ya aika. Iska ce da ƙarar inji, sai muryarsa tana faɗa: "Rage wuta mana, kai ba ka ganin rami?" Sannan ya matso da baki kusa da wayar.

"Jama'a, ni ne. A baya nake. Amma ina nan."